Daga ina sunan Ɗantata ya fito, kuma laƙabi yana iya zama sunan gida?

Ɗangoggo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, amma sai na ɗan yi shimfiɗa kafin in kai gare ta, a yi mini haƙuri.

Shekaranjiya na je wani ofishi yi wa ɗana na fari rajistar haihuwa. Yarinyar da ke kan tebur ta miƙo mini takarda mai gurbi uku: sunan yaro, suna na tsakiya, sunan iyali. Biyun farko ba su ba ni wahala ba. Na ukun ne ya tsayar da ni, biro a hannu. Ta ce, "Baba, sunan gidanku za ka sa." Na ce a garinmu Gidan Rimi ake ce wa gidanmu, saboda itacen da ke ƙofa. Ta ce ba wannan ba, sunan da kai da mahaifinka da kakanka kuka haɗu a kansa. Na duba na hanga, babu shi. Ni sunan mahaifina nake sawa bayan nawa, shi ma na nasa uban ya sa. Haka muka taso muka tarar.

Sunan da kowa ya san ni da shi kuwa, tun daga ƙauye har kasuwar Dawanau inda nake sayar da hatsi, shi ne wannan da kuke gani a sama, Ɗangoggo. Mahaifiyata ta rasu ina wata bakwai, ƙanwar mahaifina ta ɗauke ni, a bayanta na yi wayo. Yau ka shigo layinmu ka tambayi sunana na yanka, ba mai nuna maka rumfata.

Na dawo da takardar ban cike ba. Wani dattijo maƙwabcina a kasuwa ya ce mini, "Me ya dame ka? Ai Ɗantata ma haka ya samo nasa." Shi ne nake tambaya: da gaske Tata mutum ce? Kuma ya dace mutum ya ɗauki laƙabin da ya samu ta dalilin mace ya mai da shi sunan zuri'arsa?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. Allah ya raya yaro, ya jiƙan mahaifiyarka. Dattijon nan gaskiya ya gaya maka, ɗana.

Alhaji Alhasan Ɗantata an haife shi a Bebeji a 1877. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, ɗan Baba Talatin, kuma Agalawa ne, fataken goro masu bin hanyar Gwanja. Gidan daga ƙasar Katsina ya taso ya sauka Madobi, daga baya Abdullahi ya koma Bebeji da zama. Abdullahi ya rasu Alhasan yana ƙaramin yaro. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta, sai ta tafi Ankara, babban birnin Gana a yau, ta zauna can. Yaran aka bar su hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan, sunanta Tata. Ita ta riƙe shi. Mutanen gari suna ganin yaro kullum a gindinta, suka riƙa ce masa ɗan Tata, sunan ya bi shi.

Ka lura da wani abu. Da an bi ƙa'idar da yarinyar ofishin nan ta gaya maka, da yau gidan Abdullahi ko gidan Talatin ake cewa. Ga madugu, ga attajiri kakansa, ga uwa mai dukiya, amma duk ba sunan ɗayansu da ya ɗore sai na matar da ba ta mallaki ko kanta ba. Na shekara talatin ina koyar da tarihi a sakandare, duk lokacin da na kawo wannan a aji sai ɗakin ya yi tsit.

Sauran labarin kowa ya sani. Jirgin ƙasa ya fara aiki zuwa Kano a 1912, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa suka nemi 'yan ƙasa masu mutane a ƙauyuka. Fataken goro su ke da wannan, domin sun saba ba yaransu jari su watsu. Nan su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da Alhasan suka shiga. Alhasan ya zarce kowa, har ya zama babban mai saya wa kamfanin UAC. Labarin raƙuma 20 ɗauke da kuɗin azurfa da ya kai banki a Kano a 1929 har yau ana ba da shi. Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari.

Ɗan Koki:
Baba Malam, Allah ya ƙara girma, amma kalmar "baiwa" ɗin nan ta tsaya mini a rai. Ni a Koki aka haife ni, da jikokin gidan muka yi makarantar allo. Wannan gida ya ciyar da unguwa, ya gina masallatai, ya kai mutane Makka ba adadi. Ban ga amfanin tono irin wannan a bainar jama'a ba. A ce tsohuwa ta riƙe shi, ai ya wadatar.

Uwar Biyu:
Ɗan Koki ƙanena, ni kuma wannan kalmar ce ta sa na tsaya na karanta har ƙarshe. In ka cire ta, ka rage wa Tata ladanta a idon mutane. Riƙon ɗan wani ba wasa ba ne. Na riƙe 'ya'yan yayata biyu bayan rasuwarta, na san daren da yaro zai tashi da zazzaɓi yana kiran uwar da ba za ta amsa ba, ke ce za ki goya shi kina zagaya tsakar gida har asuba. To ina ga wadda ba jininta ba, ba kuma za ta ci gado ba, ba wanda zai ce mata an gode? Abin kunyar na wa ne a nan? Ni ban gan shi ba.

Kuma gidan da kansu ba su ɓoye ba. Da suna jin nauyin sunan, da wa zai hana su canza shi tun zamanin Alhaji Alhasan yana da rai? Mutumin da ya fi kowa kuɗi a Afirka ta Yamma a lokacinsa, da ya ce daga yau Alhasan Abdullahi za a kira shi, wa zai musa? Ya bar shi. Wannan barin ma magana ce.

Ɗan Koki:
Yaya, na ji, kuma ban raina Tata ba wallahi. Tsorona yaran yanzu ne, su tsinci kalma ɗaya su mai da ita abin gori.

Tsohon Malami:
Tsoronka yana kan hanya, amma maganinsa a faɗi labarin duka. A zamanin nan bauta ba ta da nisa da kowa. Lokacin Basasar Kano da ta ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, Agalawa da dama sun bi Tukur. Da Yusufawa suka yi rinjaye, Bebeji ta sha wuya, aka kama mutane, shi kansa Alhasan yana saurayi yana cikin waɗanda aka kama tare da 'yan'uwansa, sai da aka fanshe su. Wanda yau ɗa ne, gobe yaƙi ya mai da shi abin sayarwa. Mutumin da ya ɗanɗani wannan da kansa, ina ganin ya fi mu sanin darajar matar da ta riƙe shi.

Ɗan Zango Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Ina jin daɗin wannan zance, domin rabin labarin a wajenmu ya faru. Yana matashi ya bi ayari zuwa Gwanja don ya ga mahaifiyarsa, ya kai har Ankara. Daga baya ya dawo da ƙarfinsa yana fatauci tsakanin Kumasi, Sekondi da Ankara, yana ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko maimakon a bi ƙasa da jakuna wata da watanni. Wanda ya san goro ya san abin da wannan ke nufi. Goro ba ya son zafi, ba ya son iska. Kakana yana ba mu labarin yadda a kowane zango sai an kwance huhu, a zauna a tsince wanda ƙwaro ya taɓa, a yayyafa ruwa, a sake naɗewa da sabon ganye. Wanda ya rage kwanakin hanya ya rage asara, shi ke nan ya wuce sa'o'insa.

Game da suna kuwa, mu nan Zango mun riga ku shiga wannan matsala. Muna zaune cikin mutanen da ke da sunan dangi, makaranta da asibiti kowa sai ya kawo nasa. Da yawa laƙabin kaka suka ɗauka. Babban Limamin Gana, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ga shi nan, duk ƙasar da Sharubutu ta san gidan. Na ga Baba Malam ya ambaci Umaru Sharubutu na Kano, ka ga suna ɗaya a gari biyu masu nisa, kuma hanyar goro ce ta haɗa garuruwan. Akwai masu amsa Maikano, Ɗankano, Katsina, Bako, wasu ma ba su taɓa taka Najeriya ba.

Almajirin Zaure:
Salamu alaikum. Tarihi ya yi daɗi, amma an bar tambaya ta biyu, kuma ita ce mai hatsari. Allah ya ce a Suratul Ahzab, aya ta 5, a kira su da ubanninsu, shi ne mafi adalci a wurin Allah. Saboda wannan aya aka daina ce wa Zaidu ɗan Muhammadu, aka koma Zaidu ɗan Harisa, alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya riƙe shi. In an hana a jingina mutum ga fiyayyen halitta saboda riƙo, ina ga goggo? Malam Ɗangoggo, shawarata ka sa sunan mahaifinka, ka fita daga shubuha.

Mai Karatun Asuba:
Allah ya saka da alheri, ɗan'uwa, ayar haka take. Sai dai a bambance abu biyu. Akwai nasaba, akwai shahara. Abin da aka hana shi ne mutum ya yi da'awar wani uba ba nasa ba yana sane, har gado da muharramaka su rikice. Amma sunan da mutum ya shahara da shi, kowa kuma ya san ubansa na gaskiya, malamai ba su hana ba.

Ga Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon sahabi mai kiran salla, da sunan mahaifiyarsa duniya ta san shi. Ga Muhammadu ɗan Hanafiyya, ɗan Sayyidina Ali ne, amma ta wajen uwa ake kiransa don a bambanta shi da Hasan da Husaini. Wanda ya fi kusa da zancenmu ma shi ne Miƙdad ɗan Aswad. Mahaifinsa Amru ne, Aswad riƙonsa ya yi, kuma har yau a littattafan hadisi da ɗan Aswad aka fi kiransa, domin an san ganewa ake nufi.

Babu wanda ya taɓa jin Ɗantata ya zaci Tata ce uban Alhasan. Haka ba mai jin Ɗangoggo ya zaci wani namiji ne Goggo. Inda nake tare da kai shi ne kada sunan uba ya ɓace daga takarda gaba ɗaya. Yaro ya buɗe takardarsa ya ga sunan mahaifinsa, wannan haƙƙinsa ne.

Almajirin Zaure:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi bambancin. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya: takardar hukuma wurin nasaba ce, ba wurin laƙabi ba. Da ita za a je kotu ranar rabon gado.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da hira. Ni abin da nake so in ƙara, a daina cewa Bahaushe ba shi da sunan dangi kamar wani naƙasu ne. Muna zaune da Zabarmawa da mutanen Mali masu Maiga da Ture da Sise, da Fulani masu Jallo da Bari. Su a baki suke ɗauke da nasu. Mu namu a jam'i yake: Agalawa, Tokarawa, Kambarin Barebari, Wangarawa, Sharifai. Kuma a fuska yake. Kakata in ta ga baƙo ba ta tambayar sunan gidansu, tsagen kumatunsa take dubawa ta ce wannan Bagobiri ne, wannan Ba'are ne. Da aska ta daina aiki, sai takarda ta karɓi aikin, ita kuma takarda ba ta san jam'i ba.

Su Agalawan ma, masana tarihi suna danganta asalinsu da Bugajen da suka gangaro daga wajen Azbin suka zauna ƙasar Katsina da Kano, suka zama Hausawa, suka kama fatauci. Kun ga ke nan gidan yana da sunan dangi tun kafin Tata, amma ba wanda ya rubuta Alhasan Ba'agale.

Mu nan Nijar sunanka da na ubanka ake rubutawa, wani lokaci a ƙara na kaka. Rikicinmu wanne ne gaba. A gida Tanja Mamadu muke cewa, da Isufu Mahamadu, gidajen rediyon waje kuma su juya su. Ɗalibanmu da ke zuwa karatu waje sun sha wahalar wannan, takarda ɗaya ta ce kaza, ɗayar ta juya.

Uwar Biyu:
Malam na Damagaram ka tuna mini da alkunya. Yaya ma za a yi sunan yanka ya ɗore a gidan Bahaushe? Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Mata ba ta faɗin na miji. In an sa wa yaro sunan kaka, gidan duka ba mai iya furta shi, sai a koma Abba ko Baffa ko Ummi. Ni sai da na shiga aji uku na firamare na san sunan mahaifina na yanka, ranar da aka ce a rubuta. Laƙabi shi ke yawo a tsakar gida, sunan yanka yana ajiye sai ɗaurin aure.

Tsohon Malami:
Hajiya kin taɓo tushen. Bari in ƙara a kan "Ɗan" ɗin kansa, domin ba ma'anarsa ɗaya ba, kuma nan mutane ke ruɗewa.

Akwai na haihuwa, kamar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Fodiyo laƙabin mahaifinsa ne, wato malami da Fulatanci. Akwai na rana: Ɗanjuma, Ɗanladi, Ɗanlami, Ɗan'asabe, Ɗantala. Wannan na ƙarshen a kula da shi, na sha ganin an rikita shi da Ɗantata, alhali shi na Talata ne. Akwai na sana'a, kamar waliyyin Katsina Ɗanmarina. Akwai na gari, kamar marigayi Ɗankabo mai jiragen sama. Akwai na sarauta, Ɗan'iya, Ɗanburan, Ɗanmasani. Har Bature mun yi wa, Ɗanhausa, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909. Sai na riƙo, inda Ɗantata da Ɗangoggo da Ɗan'inna suke. Wannan kashin ya fi yawa a ƙauye fiye da yadda ake zato, domin mutuwar mata wajen haihuwa da mutuwar aure sun sa yara da yawa a hannun kakanni da goggonni suka tashi.

Abin da yarinyar ofis ta nema a wajenka kuwa, makarantar boko ce ta fara nemansa. A Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, aji ɗaya sai ka sami Muhammadu huɗu, Abubakar uku. Sai a liƙa wa kowa garinsu. Sardauna da Ahmadu Raba aka san shi a makaranta, daga baya ya ɗauki Bello, sunan kakan mahaifinsa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Abubakar Tafawa Ɓalewa, sunan garinsu ne, mahaifinsa Yakubu. Shehu Shagari, mahaifinsa Aliyu. Malam Aminu Kano, mahaifinsa Malam Yusufu. Isa Kaita, Yahaya Gusau, Abubakar Gumi, duk haka. Har yau ba a daina ba: Kwankwaso ƙauye ne a Madobi, Ganduje a Dawakin Tofa, Masari a Ƙafur. 'Yar'aduwa unguwa ce a birnin Katsina, shi ya sa ka ga maza, har shugaban ƙasa, suna amsa sunan da ya fara da 'yar. Janar Murtala kuma, Ramat ɗin tsakiyar sunansa daga mahaifiyarsa Ramatu ya fito.

Saboda haka duk sunan gidan da kake gani a Arewa, in ka bi shi baya kaka biyu ko uku, za ka tarar da ranar da wani ya tsaya da biro a hannu kamar yadda ka tsaya.

Baƙon Jidda:
Mu nan an hutar da mu zaɓi. Jikokin mahajjatan da suka zo a ƙasa ta Sudan suka zauna, sunan ƙabila aka ba su: Hausawi, Fallata, Barnawi. A gasar cin kofin duniya ta 2018 'yan wasan bayan Saudiyya uku Hausawi suke amsawa, Usama da Umar da Mu'utaz. Suna ɗaya, amma ba ya nuna gida ɗaya, asali kawai yake nunawa. Na ga jana'izar Alhaji Aminu Ɗantata ma ta zo ƙasar nan. Ya rasu a Abu Dhabi ranar 28 ga Yuni 2025 yana da shekara 94, aka kawo shi Madina aka binne. Allah ya jiƙansa.

Ɗan Koki:
Amin. Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da na sani game da yaɗuwar sunan, don na ga ana zaton duk mai alaƙa da gidan Ɗantata yake amsawa. Ba haka ba ne.

Ta wajen 'ya'ya maza sunan ya gangaro: Ahmadu, Sanusi, Mamuda, Aminu da 'yan'uwansu, sai 'ya'yansu da jikokinsu. Tsarin da suke bi shi ne sunan mutum, sunan ubansa, sannan Ɗantata. Aminu Alhasan Ɗantata. Mariya Sanusi Ɗantata. Kun ga sunan uba bai faɗi ba, laƙabin ma bai faɗi ba. Amma ɗan Hajiya Mariya, Aliko, Ɗangote yake amsawa, na gidan ubansa, ko da yake mahaifinsa ya rasu yana yaro kuma a hannun kakansa Alhaji Sanusi ya tashi. Jinin Ɗantata da ke cikin Kano ta wajen mata ya fi masu amsa sunan yawa nesa ba kusa ba.

Abin da ya daskarar da sunan, a ganina, kamfani ne. Da tsohon ya ga ƙarfinsa ya ƙare, ya yi wa 'ya'yansa wasiyya kada su raba harkar, aka ci gaba da ita da sunan Alhassan Dantata & Sons. Ahmadu ya riƙe, da ya rasu a 1960 Aminu ya karɓa. Sunan da ke kan allon kamfani, da takardar banki, da ƙofar mota, ba ya canzawa da mutuwar uba. Daga baya ga Dantata & Sawoe a kan manyan tituna. Ku gwada da gidan sarauta: Sarki Abdullahi Bayero ne ya haifi Sarki Sanusi da Sarki Ado, amma yau zuri'ar ɗaya Sanusi suke amsawa, ta ɗayan Bayero. Gida ɗaya, suna biyu.

Akwai kuma waɗanda ba jini ba, yaran gida da dillalai da direbobi, da ake ce wa wane na Ɗantata. Wannan na baki ne, ba ya shiga takarda.

Uwar Biyu:
Ƙanena, ka ga da bakinka ka kawo wani ɗan riƙon a gidan. Allah ya yi maka albarka.

Mai Karatun Asuba:
Tsarin da Ɗan Koki ya kawo ya warware saɓanina da ɗan'uwana Almajiri. Gurbi uku ne a takardar. Sunan yaro, sunan uba, sannan abin da aka san gidan da shi.

Almajirin Zaure:
In sunan uba yana tsakiya a rubuce, ba ni da ja.

Ɗangoggo:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Kwana biyu ban leƙo ba, gida na je. Na ga bai kamata in yanke wannan ba tare da mai sunan ta sani ba.

Na tarar da Goggo a gindin rimin tana ɓarar gyaɗa a faifai, idonta ya yi rauni, da hannu take gane mai kyau. Na zauna na ba ta labarin Tata kamar yadda Baba Malam ya ba mu, daga Bebeji har raƙuman azurfa. Ba ta ce komai ba sai da na gama. Sannan ta tambaye ni, "Ita Tatar ta ga arzikinsa?" Na yi shiru. Ta ci gaba da ɓararta.

Da na gaya mata abin da nake so in rubuta, ta ƙi. Ta ce ɗan'uwanta ya mutu ya bar ɗa ɗaya tak, ba za ta yarda a ce sunanta ya hau kan nasa ba. Ta ce in sa sunan yaro, in sa nawa, in rufe da na mahaifina, kuma 'ya'yan da za su biyo baya duk a rufe musu da shi, kada ya ɓace. Na yi mata bayanin gurbi uku, na ce ga yadda malamai suka daidaita. Ta ce ta ji, amma ita dai a'a. Ban iya musu da ita ba, ban taɓa iyawa ba.

Jiya na mayar da takardar, na cike yadda ta ce. Daga can na wuce wurin mai rubutun allo a bakin kasuwa, domin rumfata shekara goma sha ɗaya ba ta da allo. Na ba shi aiki, fari a kan kore: Ɗangoggo da 'Ya'yansa, Masu Hatsi, Dawanau. Wannan ban gaya mata ba tukuna. Ranar Asabar zai kawo.

Tsohon Malami:
Allah ya sa albarka a rumfar da yaron. In an kafa allon ka ɗauki hotonsa ka kai mata, ka karanta mata da bakinka tunda idon ya yi rauni. Ka gaishe mini da ita.

Uwar Biyu:
Ka haɗa mata da turmin atamfa da goro ƙwarya ɗaya in za ka je. Kuma ka kai mata yaron ta goya shi, ko na minti biyar ne.